Furen tiyare na tsibirin Tahiti da ke tekun Fasifik: gauɗenmu ne ko ɗan'uwansa?

Uwar_Humra:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tambayata ga masana tsirrai ce da masu harkar kayan ƙamshi. Ƙanwar maigidana da ke zaune a Faransa ta zo hutu, ta kawo mini tsarabar wata 'yar kwalbar man shafawa, a jikinta an rubuta Monoï de Tahiti, kuma akwai busasshen fure guda ɗaya kwance a gindin kwalbar. Shekara 11 ke nan ina haɗa humra da turaren wuta, ban taɓa jin ƙamshi mai sanyi irin wannan ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da surukata ta shinshina sai ta ce ai wannan ƙamshin furen gauɗe ne, irin wanda suke tsinkowa a daji suna yara idan sun je itace. Na yi dariya, ita kuwa ta tsaya a kan bakanta. To wane fure ne wannan? Da gaske gauɗe ne aka sauya wa suna ake sayar mana da tsada? An kuma ce mini mutanen can suna magani da shi. Idan zai yi a ƙasarmu, ina so in dasa shi a tsakar gida.

Malam_Lambu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki koma ki ba Gwaggo haƙuri a kan dariyar da kika yi, domin hancinta bai yi nisa da gaskiya ba. Furen da ke cikin kwalbar sunansa tiyare, masana kuma suna kiransa Gardenia taitensis, sunan da wani masanin tsirrai mutumin Suwizalan, de Candolle, ya ba shi a 1830. Gauɗen da muke ci a daji shi ne Gardenia erubescens. Kin ga kalmar farko ɗaya ce, wato gidansu ɗaya, kamar 'ya'yan wa da ƙane, kuma dukkansu suna cikin babban dangin da itacen kofi yake ciki. Amma kama da wane ba wane ba ce. Tiyare ƙaramin itace ne mai rassa da yawa wanda kan kai mita 4 idan ya samu wuri, ganyensa faffaɗa ne, kore shar, mai sheƙi kamar an shafa masa mai, kuma ba ya zubar da shi duk shekara. Furensa fari ne fat, yana buɗewa kamar farfela, da kunnuwa daga 5 zuwa 9. Gauɗe kuwa ɗan wahala ne, rassansa gajeru masu tauri, ya saba da rani da gobarar daji.

Wani abin mamaki shi ne, duk da sunan Tahiti da ke manne da shi, asalinsa ba can ba ne. Yana fitowa da kansa a tsibiran da ke yamma, irin su Banuwatu da Fiji da Tonga, kuma kakannin mutanen Tahiti ne suka ɗauko shi a kwale-kwalensu suka kai shi gabas, tare da sauran tsirran da ba sa iya rayuwa ba su.

Ɗan_Damagaram:
Na san man nan sarai. Lokacin da nake karatu a birnin Marsay na Faransa, da zarar zafi ya shigo za ka gan shi a kowane kanti, mata suna shafawa a gashi da jiki idan za su bakin teku. Sai dai a sani cewa ba ya tare zafin rana ko kaɗan, mai ne kawai. Wani abokin karatuna Bature ya shafa ya kwanta a rana, ya tashi bayansa ja wur kamar an gasa.

Saminu_Kaduna:
Ni ina ganin kuna wahalar da kanku ne. Wannan furen ai yana nan birjik a tsofaffin gidajen gwamnati da harabar makarantu a Kaduna da Zariya, fari mai ɗorawa a tsakiya, yana zuba a ƙasa yara suna tsinta. Hajiya ta aika a karyo mata reshe ta dasa, shi ke nan.

Malam_Lambu:
Malam Saminu, a gafarce ni, wannan da kake nufi wani itace ne daban, wanda ake kira firanjifani ko Plumeria, kuma asalinsa yankin Amurka ta Tsakiya ne da tsibiran Karibiyan. Ba laifinka ba ne, domin masu tallan kayan shafawa ma sukan liƙa hotonsa a kan kwalba su ce tiyare ne. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce ka karya ganye: firanjifani zai fitar da farin ruwa kamar na tumfafiya, kuma danginsu ɗaya da ita, ruwan yana sa ƙaiƙayi a fata, yana da haɗari idan ya shiga ido. Rassansa kuma masu kauri ne kamar yatsu, yana tsayawa tsirara a lokacin rani. Na tsaya a kan wannan ne saboda za a zo maganar magani, kada wani ya ji an ce ana ɗiga ruwan tiyare ya je ya ɗiga wancan.

Tsohon_Gandu:
Na yi shekara 30 ina aikin gandun daji kafin in yi ritaya, kuma maganar surukar Hajiya ta tuna mini abubuwa. Gauɗe ba iri ɗaya ba ne a wurinmu. Akwai wanda ake ci, mai 'ya'ya rawaya idan sun nuna, makiyaya da yara suna sha. Akwai gauɗen kura, wanda ɗansa ke da tauri, ba a cinsa. Akwai kuma gauɗen dutse, ƙarami, da ke fitowa a kan tuddai masu marmara, wanda har masana suka sa masa sunan Sakkwato, suka ce Gardenia sokotensis. Duk wanda ya taɓa ratsa dajin da gauɗe ya yi fure da sassafe ko bayan la'asar ya san ƙamshin da tsohuwar take faɗa. Furen yana buɗewa fari, kwana ɗaya ko biyu ya koma ruwan ɗorawa. Mu dai abin da muka fi yi da itacen shi ne shinge, saboda rassansa suna sarƙewa dabba ba ta iya ratsawa, sai kuma masu magani da ke haƙar saiwarsa. Ban taɓa ganin wanda ya dasa gauɗe a ƙofar gida don ado ba, kuma a wuraren da na san shi da yawa a da, yanzu gonaki ne.

Malamin_Fasifik:
Na yi aikin koyarwa na shekara 2 a Fiji, don haka zan faɗi abin da ido ya gani. Abu na farko, mutanen tsibiran nan ba su ɗauki fure a matsayin kayan mata kaɗai ba. Za ka ga ƙato, direban bas ko ɗan sanda da ya tashi aiki, da fure a bayan kunne, babu wanda zai kalle shi sau biyu. Ranar da na fara shiga aji aka rataya mini sarƙar fure a wuya, na rasa inda zan sa kaina don kunya, daga baya na gane cewa a wurinsu daidai take da yadda muke tarbar baƙo da ruwa da goro.

A Tahiti abin ya fi ƙarfi, domin tiyare ne alamar ƙasar baki ɗaya, wato Folinisiya ta Faransa mai tsibirai 118, har jiragen kamfanin Air Tahiti Nui hoton furen suke ɗauke da shi a wutsiya. Tsibiran Kuk ma shi ne furen ƙasarsu. Ana tsinko shi tun da asuba yana toho bai buɗe ba, a ƙunshe a ganye don kada ya yi yaushi, a kai kasuwar Papeete, babban birninsu, inda mata suke zaune suna shirya shi a zare, wani na wuya wani na ka kamar rawani. A al'adarsu maza sun fi sa tohon da bai buɗe ba, mata kuma buɗaɗɗe. Gefen da aka sa shi ma magana ce: kunnen hagu, ɓangaren zuciya, yana nufin mai shi yana da aure ko an yi masa kamu, kunnen dama kuma yana nufin ƙofa a buɗe take.

Gwauron_Zage:
Allah ya saka da alheri, Malam. Ashe da a can aka haife ni da tuni kunnen dama ya yi mini aikin da 'yan uwa suka kasa yi shekara da shekaru.

Binta_Kimiyya:
Bari in dawo da mu kan kwalbar Hajiya, domin a nan ne sana'arta take. Monoyi a harshensu yana nufin mai mai ƙamshi, kuma ba komai ba ne illa man kwakwa da aka jiƙa furen tiyare a ciki. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne doka. Tun ranar 1 ga Afrilu, 1992 gwamnatin Faransa ta kafa ƙa'ida cewa ba wanda zai rubuta Monoï de Tahiti a kan kayansa sai ya cika sharuɗɗa: kwakwar ta zama an noma ta a tsibiran ƙasar, a kan ƙasar da ta samu daga dutsen murjani, furen ya zama tiyare na can, a tsinke shi yana toho, a sa shi a mai kafin ya wuce washegari, a zuba aƙalla fure 10 a kowace lita, a bar shi ya jiƙa aƙalla kwana 10 kafin a tace. Yawancin kwakwar daga tsibiran Tuamotu take zuwa, a busar da tsokarta a rana, jiragen ruwa su kwaso zuwa matatar mai a Papeete. Sun yi haka ne saboda kafin lokacin kamfanoni a ƙasashe daban-daban suna zuba turare a kowane irin mai su kira shi monoyi.

Amma Yaya, ga gaskiyar da mai haɗa humra ya kamata ta sani. Fure 10 a lita ba ya ba da ƙamshi mai ƙarfi. Ki duba jerin abubuwan da aka rubuta a bayan kwalbar, idan kin ga kalmar Parfum, to mafi yawan abin da hancinki yake ji turare ne da aka ƙara, wanda aka haɗa don ya kwaikwayi furen. Busasshen furen da ke gindin kwalbar kuwa ado ne da shaida.

Uwar_Humra:
Na duba, 'yar uwa, kalmar tana nan kuwa. Kin rage mini murna kaɗan, amma kin ƙara mini ilimi. Wani abin kuma, da safiyar jiya na tarar man ya daskare ya yi fari kamar kitse, har na fara zargin ko jabu aka sayar mata.

Binta_Kimiyya:
Daskarewar ma alama ce mai kyau. Man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da kusan digiri 24, ga shi muna cikin hunturu. Ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi zai narke, ba abin da zai same shi. Wanda ya ƙi daskarewa a sanyin Janairu shi ne abin tuhuma.

Malamin_Fasifik:
Game da magani, abin da aka sani a al'adarsu yana da yawa. A Tahiti tiyare yana cikin tsirran da masu maganin gargajiya, waɗanda suke kira tahu'a, suka fi amfani da su. Ana murje furen a ruwa a wanke kai ko a jiƙa tsumma a ɗora saboda ciwon ɓarin kai, ana amfani da shi a kan hazbiya da cizon sauro, ana kuma haɗa shi da monoyi saboda ciwon kunne. A tsibiran Samowa suna amfani da sassansa wajen kumburi. A Tonga, inda suke kiransa siale, ana jiƙa ɓawonsa a ɗiga ruwan a hanci da ido da baki ga wanda suke ganin fatalwa ta taɓa shi. Shi kansa monoyin da shi ake shafe jarirai, da shi ake tausa, kuma a zamanin da har gawa ake shafe wa.

Mai_Kemis:
Ina girmama abin da Malamin Fasifik ya kawo, amma wajibi ne in ja hankali. Cewa wata al'umma tana amfani da abu, daban. Cewa an gwada shi a kan marasa lafiya an tabbatar yana warkarwa, daban. A cikin sinadaran ƙamshin tiyare akwai wanda ake kira metil salisilet, ɗan'uwan asfirin, shi ne kuma ke ba man zafi irin na shafawa a gaɓoɓi warinsa. Wannan zai iya zama dalilin da ya sa suke jin sauƙi a ciwon kai da cizon ƙwari, sai dai abin da ke cikin fure 10 kaɗan ne ƙwarai. Amfanin da ba na jayayya da shi shi ne na man kwakwar: yana laushin fata, yana rage kaushi da faso, yana hana gashi karyewa. Abin da nake roƙo shi ne kada kowa ya ɗiga man kwalba a kunne ko a ido, musamman tunda mun ji akwai turare a ciki. Kullum ina ganin iyaye suna zuwa da yaro kunne yana ruwa bayan an ɗiga masa mai iri-iri, alhali dodon kunnen ya riga ya huje. Jariri ma man kwakwa ko man kaɗe marar turare ya fi masa.

Jikan_Sarkin_Magani:
Ranka ya daɗe Mai Kemis, ban ƙi gargaɗinka a kan ido da kunne ba, amma kullum haka kuke yi, sai ku ce ba a gwada ba. Wa ya hana a gwada? Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru a tsibiri, babu asibiti babu kemis, ba za su riƙe itace ɗaya suna ta dasawa daga tsibiri zuwa tsibiri ba idan ba su ga amfaninsa ba. Kakana yana ba da saiwar gauɗe, mutane suna dawowa suna godiya.

Mai_Kemis:
Ba musu nake yi da kakanka ba, Allah ya jiƙansa. Ciwon kai da hazbiya duk suna tafiya da kansu bayan kwanaki, saboda haka wanda ya sha magani ya warke zai yi godiya ko maganin ne ya yi aiki ko ba shi ba. Gwajin da nake nufi shi ne wanda zai raba waɗannan biyun. Kuma ka lura, dalilin da ya sa suka riƙe itacen zai iya zama ƙamshin kansa, wanda ya isa dalili.

Hauwa_Mai_Fulawa:
Ni a kan dasawa zan yi magana, domin na ƙone hannuna a nan. Ina sayar da shuke-shuken ado a Abuja, shekarar da ta wuce na sayi iri a intanet daga wani mai sayarwa da ya rantse tiyare ne. Na shuka 20, guda 3 suka fito, kuma da suka girma sai ga wani ciyayi da ban san shi ba. Daga baya na fahimci cewa a Tahiti ma da wuya itacen ya yi 'ya'ya, da reshe ake yaɗa shi, ko dai a yanka a dasa, ko a feƙe ɓawon reshen yana jikin uwarsa a ɗaure masa danshin ƙasa a leda har ya yi saiwa sannan a yanke. Shigo da ɗanyen reshe daga waje kuma sai da izinin hukumar killace tsirrai ta ƙasa, ba abin da za a cusa a jaka ba ne. Wanda ake samu a wurinmu shi ne ɗan'uwansa na ƙasar Sin, Gardenia jasminoides, mai fure ninki-ninki kamar wardi, shi ma yana da ƙamshi sosai amma rigimamme ne.

Malam_Lambu:
Hajiya Hauwa ta faɗi gaskiya. Matsalar tiyare a Kano ko Katsina ba zafin rana kaɗai ba ne, bushewar iska ce. Papeete tana samun ruwan sama kusan milimita 1,700 a shekara, wato wajen ninki biyu na abin da Kano take samu, iskar teku tana kaɗawa da laima dare da rana, zafi kuma da wuya ya wuce digiri 32 sosai. Mu kuwa hunturu zai zo ya tsotse ganyen, Afrilu ta zo da digiri 40 ta ƙarasa. A Legas ko Kalaba ina ganin zai yi. A arewa sai dai a tukunya, a inuwar da rana ke taɓawa da safe kawai, ana yayyafa wa ganyen ruwa. Inda ya fi na Sin sauƙi shi ne ƙasa: na Sin sai ƙasa mai tsami, idan ana ba shi ruwan rijiya mai kanwa-kanwa ganyensa zai koma rawaya, shi kuwa tiyare a kan dutsen murjani na bakin teku ya saba fitowa.

Akwai wata dabara da ta daɗe tana yi mini yawo a kai. A jihar Fulorida ta Amurka masu lambu suna yi wa na Sin aure da wani ɗan'uwansa na Afirka ta Kudu, Gardenia thunbergia, saboda saiwar wannan tana jure ƙananan tsutsotsin ƙasa. Tunda muna yi wa mangwaro da lemo aure, me zai hana wani ya gwada ɗora reshen mai ƙamshi a kan gindin gauɗe? Saiwar za ta jure ƙasarmu, ko da yake ba za ta kare ganyen daga hunturu ba.

Inna_Ta_Gabas:
Ku yara kun tsallake babban abu. Ado da gauɗe ba a furensa muka yi ba, a ɗansa muka yi. Da muna 'yan mata akan samo ɗanyen ɗan gauɗe ko na katambiri a fasa, a haɗa ruwan da ɗan toka ko gawayi, a sa tsinke a zana a goshi da kumatu, ya kwana ya yi baƙi, ya yi kwanaki bai goge ba. Don haka kada a ce ba mu san darajarsa ba. Jan baki da hoda na kanti ne suka kore shi.

Binta_Kimiyya:
Inna, Allah ya ƙara girma, wannan ya yi daidai da halin dangin. 'Ya'yan na Sin ana fitar da rini rawaya daga cikinsu, har ana sa wa abinci, kuma suna cikin magungunan gargajiyar Sinawa. A dazuzzukan Amazon akwai wani ɗan danginsu, Genipa americana, wanda mutanen wurin suke zanen jiki da ruwan ɗanyen ɗansa, ya fito baƙi mai shuɗi-shuɗi bayan sa'o'i, kamar dai yadda kika kwatanta.

Saminu_Kaduna:
Na karɓi gyara, na je na karya ganyen na makarantarmu, farin ruwan ya fito kuwa. Amma har yanzu ina kan cewa mai son ƙamshi a tsakar gida a arewa ya dasa abin da zai rayu, ba abin da zai riƙa jinya ba.

Uwar_Humra:
Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin da ban zo da shi ba. Na karanta wa surukata bayanin Malam Lambu, ta ce ita dai ba ta ga inda aka ƙaryata ta ba. Dasa tiyare na ajiye shi tukuna. Abin da nake so in gwada shi ne hanyar da Binta ta bayyana, amma da furen gauɗe: in samu man kwakwa mai kyau, in jiƙa tohon kwana 10, in riƙa sauya furen da sabo ko ƙamshin zai kama. Baba Tsohon Gandu, wane lokaci ne yake fure, kuma ina zan sa a nemo mini?

Tsohon_Gandu:
'Yata, ki jira ƙarshen rani, gab da faɗuwar ruwan farko, lokacin ne na fi ganinsa da fure. Ki yi magana da masu kawo itace ko Fulanin da ke kawo nono daga dazuzzukan kudancin Kano da Bauci, sun san inda yake. Ki ce su tsinko da asuba, su ƙunshe a ɗanyen ganye kada su sa a leda, kuma su bar rassan a jikin itacen. Ki shanya furen a inuwa na ɗan lokaci raɓar ta bushe kafin ki zuba, domin ruwa ko kaɗan ne zai sa man ya yi tsami.

Hauwa_Mai_Fulawa:
Idan za a je, a haɗo mini da nunannun 'ya'ya ko guda 10 ne, in fitar da irin in reni gindin da Malam Lambu zai gwada auren a kai. Kuɗin mota a wuyana.